Daga lissafin wata zuwa sikanin: tarihin ƙirga kwanakin ciki

Idan kakarki a Tsafe ko Bungudu ta ce ciki wata tara ne, ba ta yi kuskure ba. Wata tara na ganin jinjirin wata kwana 266 ne ko kusa da haka, kuma wannan shi ne tsawon ciki daga ranar da ya shiga. Wahalar ita ce sanin ranar. Ungozoma takan tambaya ko kafin Azumi aka yi ɓatan wata ko bayan Sallah, ko gero ya fara fitar da kai, sannan ta shafa ciki ta kimanta. Wadda ciki ya shige ta tana goyo, jinin al'ada bai dawo ba, ba ta da ma abin da za ta ƙirga daga gare shi.

Likitocin Turai ma da lissafi suka daɗe suna dogara. Ƙa'idar da ake jingina wa Bajamushe Franz Naegele tun farkon ƙarni na 19 tana ƙirga kwana 280 daga ranar farko ta jinin ƙarshe. Ita ce har yau ake rubuta miki a katin awo, ko da yake ta ɗauka kowace mace tana al'ada duk kwana 28.

Sauyi ya zo daga birnin Glasgow. A 1958 Ian Donald da abokan aikinsa suka wallafa yadda suka ga cikin jikin mace da amon sauti, dabarar da masana'antu ke amfani da ita wajen gano tsaga a ƙarfe. A 1968 Stuart Campbell ya kyautata auna faɗin kan ɗan tayi, a 1973 kuma Hugh Robinson ya auna tsawonsa daga tsakar ka zuwa mazaunai.

Ki lura, na'urar ba ta ganin kwanaki. Tsawo take aunawa, a kwatanta da jadawali. A watanni uku na farko 'yan tayi kusan girmansu ɗaya, na sati 12 bai wuce santimita 5 zuwa 6 ba, don haka kuskuren ba ya wuce kwana 5 zuwa 7. A watannin ƙarshe kuwa yakan kai sati uku. Jaririn da zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jinin uwa ya hana girma, sai sikanin ya ɗauke shi ƙaramin ciki alhali ya kusa isa. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin sikanin sau ɗaya kafin sati 24.

A ɗakin magani muka fi jin nauyin wannan. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake kira Fansidar ba a fara shi sai ciki ya kai sati 13. Allurar dexamethasone, mai nunar da huhun bakwaini, tana da lokacinta, kafin sati 34. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa inda aka yi ta ba da ita bisa kintace, mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi. A 2020 binciken Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda asibitocin Najeriya ke ciki, ya tabbatar da kwanakin ciki da sikanin tukuna, sai allurar ta rage mutuwar bakwaini.

Saboda haka, maigida, kada ka jira ciki ya fito fili kafin ka kai ta awo, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Yariman Bakura, ko asibitin da ya fi kusa da ku. Ke kuma ki adana takardar sikanin farko cikin katin awo. Idan na baya ya ba da wata ranar haihuwa dabam, ta farkon ce likita zai riƙe, kuma ita za a nema ranar da naƙuda ta zo kafin lokaci.