Yadda ake zaɓen sandar walda da ƙarfin wuta

Ƙarkon ƙofa, taga ko hasumiyar tankin ruwa ya dogara ne kan abubuwa biyu da mai walda ke yanke shawara a kansu kafin ya kunna inji: irin sandar walda, wadda masu sana'ar ke kira ilektirod, da kuma yawan wutar da zai sakar mata.

Lambar da ke jikin sanda tsari ne na Ƙungiyar Masu Walda ta Amurka. A E6013, wadda aka fi amfani da ita a shagunan Maiduguri, 60 na nufin haɗin zai jure jan fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci, 1 na nufin ana aiki da ita a kwance, a tsaye ko a saman kai, 3 kuma na nuna irin garin da aka lulluɓe ta da shi. Ta dace da ƙofofi, tagogi da gadajen ƙarfe. Aikin da zai ɗauki nauyi, kamar ginshiƙan rumfa ko ƙashin tirela, ya fi dacewa da E7018.

A kasuwa da geji ake sayen sanda. Geji 12, wato milimita 2.5, na buƙatar amfiya 60 zuwa 90, kuma ita ce ta bututu da faranti marasa kauri. Geji 10, milimita 3.2, na cin amfiya 90 zuwa 130, yayin da geji 8, milimita 4, ke kaiwa 130 zuwa 180. Idan wuta ta yi ƙasa, sandar na maƙalewa, haɗin kuma ya tsaya a sama bai shiga ƙarfen ba. Idan ta yi yawa, tartsatsi na ƙaruwa, sandar ta yi ja, ƙarfen ya huje. Hikima ita ce a fara gwadawa a kan guntun ƙarfe mai kauri ɗaya da na aikin.

Yanayin Maiduguri na da nasa tasirin. Tun bayan lalata turakun layin Damaturu a Janairun 2021, shaguna da dama suka koma ga janareta. Ƙaramin janareta ba ya riƙe geji 8, don haka gara a yi amfani da geji 10 a bi haɗin sau biyu. A zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, inji na buƙatar hutu tsakanin aiki.

Danshi kuwa abokin gabar sanda ne, musamman E7018, wadda ake ajiyewa a busasshen wuri mai ɗumi. Sandar da ruwa ya taɓa, kamar yadda ya faru da kayan shaguna a ambaliyar Satumban 2024, kan bar ƙananan ramuka da tsagu a cikin haɗi, waɗanda ba sa bayyana sai nauyi ya hau.