Ƙudan Da Aka Soka Da Allura a Landan

A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta kawar da makantar kogi, ita ce ta farko a Afirka. Aka yi ta yabon Mectizan, maganin da kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987. Wasu suka ce a'a, jiragen feshi ne suka yi aikin. Ni kuwa ina ganin an tsallake wani wanda ya riga su duka: mai rubuta 'yar takardar da ake liƙa wa ƙwaro a gidan adana halittu.

Tun kaka da kakanni mutanen bakin kogi sun san wurin na makantar da mutum, shi ya sa suka bar gonaki masu albarka suka yi nisa da ruwa. A 1903 masanin ƙwari Theobald ya siffanta wani baƙin ƙuda daga samfurin Uganda, ya raɗa masa Simulium damnosum. A 1926 Blacklock ya nuna a Saliyo cewa wannan ƙudan ne ke ɗaukar cutar.

Shekarun 1950 su suka fi jan hankalina. Roger Crosskey ya yi aiki a Arewacin Najeriya, yana bin rafukan tsohuwar masarautar Abuja, wato Suleja ta yau, yana tsintar tsutsar ƙudan daga jikin duwatsu da ganyayen da ruwa mai gudu ke kaɗawa. Tsutsa a kwalbar sifirit, babban ƙuda a kan allura, kowanne da sunan rafi da rana da wanda ya kamo shi. Daga baya ya koma Gidan Tarihin Halittu na Landan, ya shafe shekaru yana haɗa kundin baƙaƙen ƙudajen duniya. Aikin da babu tafi a cikinsa ke nan, sai ciwon ido da na baya.

Ashe abin da ake kira ƙuda ɗaya dangi ne masu kama da juna. A 1975 Vajime, ɗan Najeriya, shi da Dunbar suka rarrabe su ta hanyar duba zaren gado a gurbin yawun tsutsa. Na daji mai duhu daban, na filin ciyawa irin namu daban, kuma na filin ne ke yaɗa irin cutar da ta fi makantarwa. Shirin yaƙi da cutar da aka kafa a 1974, mai hedikwata a Wagadugu, da wannan ilimi ya gane daga ina iska ke kwaso ƙudaje zuwa kogunan da aka riga aka fesa. Matuƙin jirgi bai san wannan ba sai an faɗa masa.

Shirin ya kuma riƙa ƙirga kifi da sauran ƙwarin ruwa don kada feshi ya kashe kogi. Wannan lissafi yanzu dukiya ce ga mai son sanin abin da madatsun ruwa da haƙar zinariya suka rage mana.

Abin da ke damuna shi ne, samfuran asali na yawancin ƙwarinmu suna Turai. Muna da ma'ajiyar ƙwari a Samaru, Zariya. Ina fatan a ɗauki hoton kowane samfuri da takardarsa a sa a kwamfuta, a kuma tura ɗalibai rafukan Suleja da kwalabe su sake tsintowa, a gwada da abin da Crosskey ya tarar.