Uba da 'Ya'yansa, ko Jadawali Biyu: Rigimar da Codd Ya Tayar

Duk wanda ya zauna karon farko zai tsara rumbun bayanai na kwastomomi da ayyukansu, kusan hanya ɗaya hankalinsa ke bi: sunan kwastoma a sama, ayyukansa jere a ƙarƙashi, kamar uba da 'ya'yansa. Mu masu rubuta manhaja mukan yi saurin cewa wannan aikin ɗan koyo ne. Amma a shekarun 1960 haka manyan injiniyoyi suke yi, kuma da shi aka je duniyar wata.

Kamfanin IBM ya gina manhajar IMS ne domin lissafin sassan kumbon Apollo, ta fara aiki a 1968. Tsarin bishiya ne da ita: kumbo na da ɓangarori, kowane ɓangare na da injuna, kowane inji na da ƙusoshi. Ga kumbo, tsarin ya zauna daram. Shi kuwa Charles Bachman na kamfanin General Electric ya ɗaure bayanai da juna kamar sarƙa, mai manhaja ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Duka biyun suna da sauri, sai dai dole ka san hanyar da aka shimfiɗa tun farko. Tambayar da ba a yi tanadinta ba sai an rubuta mata sabuwar manhaja.

A watan Yuni na 1970 wani masanin lissafi, Edgar Codd, haifaffen Ingila wanda ya tuƙa jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya buga maƙala daga cibiyar binciken IBM da ke San Jose. Ya ce a bar sarƙa, a zuba komai a jadawali, a haɗa su ta lambobin da ke cikinsu. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so, injin ya nemo hanya.

Mu gwada da shagon tela. In ka rubuta lambar wayar Hajiya a kan kowane ɗinki da ta kawo, ranar da ta canza layi sai ka gyara wuri goma, ka manta na sha ɗaya. In ka goge ɗinkinta na ƙarshe, ita ma ta ɓace daga rumbun. Maganin Codd shi ne jadawalin kwastomomi daban, kowa da lambarsa da ba ta canzawa, jadawalin ayyuka daban, kowane aiki ɗauke da lambar mai shi kawai. Sai kuma a kawo ɗinkin anko, aiki ɗaya na mutum ashirin. A ƙarƙashin wane uba za ka sa shi? A nan bishiya ke karyewa. Shi kuwa tsarin Codd jadawali na uku kawai yake nema, mai haɗa lambar aiki da lambar kwastoma.

IBM bai yi rawar jiki ba, don IMS na kawo kuɗi, kuma da yawa suna ganin jadawali zai yi nauyi ga kwamfutocin lokacin. Ba ƙarya suka yi ba. A 1973 Bachman ne ya samu kyautar Turing, a 1974 kuma aka yi muhawara a bainar jama'a tsakaninsa da Codd. A shekarar ne Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen da ya zama SQL. Yayin da IBM ke jan ƙafa, ƙaramin kamfanin Larry Ellison ya karanta maƙalun da masu bincikensa suka buga, ya fito da Oracle kasuwa a 1979. Codd ya samu tasa kyautar Turing a 1981, DB2 na IBM bai zo ba sai 1983. (Shi Codd bai gamsu da SQL ba, don yana barin layi ɗaya ya maimaitu a jadawali. A ganinmu gaskiyarsa ce, amma kasuwa ba ta saurare shi ba.)

IMS bai mutu ba, har gobe wasu manyan bankuna na amfani da shi. Jadawalin Codd kuwa ya iso aljihunmu ta hanyar SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a 2000, kuma tana cikin kowace wayar Android da iPhone.