Gashaka-Gumti: Tarihin Dajin da ke Ƙarƙashin Dutse Mafi Tsawo a Najeriya

Mu da muka tashi a Dodoru da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, abin da muke kira dutse bai wuce tudun jan marmara da yaro zai haye ya sauko kafin a kira sallah ba. Ƙasarmu ta fadama ce da fako, ido kan yi tafiya mai nisa bai ci karo da komai ba. Shi ya sa idan aka ce wa mutumin nan akwai wani dutse a cikin Najeriya da ake kwana da kwanaki ana hawansa, ana kuma kwana cikin bargo biyu a kansa, sai ya ɗauka labarin wata ƙasa ake ba shi. Dutsen yana nan. Sunansa Chappal Waddi, wasu kuma su ce Gangirwal, tsawonsa mita 2,419, kuma babu wanda ya kai shi a faɗin ƙasar. Yana kan iyakar Najeriya da Kamaru, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa.

Gandun ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400. An kafa shi a 1991, wato shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka kuma raba Gongola gida biyu aka sami Taraba da Adamawa. Ranar 27 ga Agusta ta wannan shekara aka haifi Kebbi da Taraba, tagwaye ke nan. Amma dangantakar ƙasar Gwandu da waɗannan duwatsu ta girmi 1991 nesa ba kusa ba, kuma duk mai son ya ji daɗin ziyarar wurin, gara ya san ta.

Tuta daga yamma

A shekarun da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake zaune tsakanin Gwandu da Sifawa ne malamai suka riƙa zuwa daga nesa suna karɓar tuta. Cikinsu akwai Modibbo Adama, wanda ya koma da tasa wajen 1809 zuwa ƙasar da ake kira Fombina, wato kudu da Fulatanci. Sunansa ne ya zama Adamawa, kuma a 1841 ya zauna a Yola. Da aka raba kula da daula, yamma ta koma hannun Malam Abdullahi na Gwandu, gabas ta koma hannun Muhammadu Bello, sai Adamawa ta faɗa rabon gabas.

Daga Fombina ne gidajen Fulani suka yi ta turawa kudu, suna kafa garuruwa a gindin duwatsu: Konca, Banyo, Tibati, Ngaundare. Gashaka na cikin wannan jerin, kuma gidan sarautarta dangi ne da na Konca da Banyo. Har yau sarautar Lamdo Gashaka tana nan, fadar tana Serti. Sunayen wurare ma sun riƙe wannan tarihi, don kuwa "chappal" tudu ne mai faɗi a Fulatanci, "mayo" kuma kogi.

Gaskiya ɗaya ce, kuma tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye. Kafin Fulani su iso akwai mutane a wurin: Jibawa, Ndoro, Camba, da Mambila can saman tudu. A ƙarni na goma sha tara mahaya daga Banyo da Gashaka sun sha kai musu hari suna kamo bayi, wasu ƙauyuka suka watse, wasu suka gudu cikin kogo da kan tsaunuka. Wani ɓangare na dajin da baƙo zai gani yau ya ce ɗan Adam bai taɓa shigarsa ba, kufai ne. Mai lura zai ga duwatsun niƙa da sauran alamun zama a inda yanzu sai birai.

Fatake da goro

Bayan masu tuta sai fatake. Goron da ake nomawa a tsaunukan Bamenda da Nso yana bin Banyo da Gashaka ya gangaro kwarin Binuwai, daga nan ya nufi Yola ko Kano. Haka ma hauren giwa. Hausawa ne ke riƙe da yawancin wannan fatauci, su suka kafa zango-zango a kan hanya, kuma da ƙafarsu Hausa ta shiga yankin har ta zama harshen kasuwa tare da Fulatanci. Shi ya sa mutumin Kalgo zai sauka Serti yau ya yi ciniki ba tare da tafinta ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan fatake ya bar suna a rubuce. Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki ne ya yi wa Bajamushe Robert Flegel jagora a tudun Adamawa a farkon shekarun 1880, bayan Flegel ya fara zuwa Sakkwato neman takardar izini. A 1884 Flegel ya tafi da madugun har Berlin, ya kuma rubuta labarin rayuwarsa. Turawa suka ce sun gano hanya, alhali hanyar da jakuna da 'yan alaro suka daɗe suna takawa ce aka nuna musu.

Zamanin Jamus

Abin da ya biyo bayan irin wannan yawo shi ne rabo. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar wa Ingila garin Yola, ta ba Jamus mafi yawan ƙasar Adamawa. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fita. Shekara biyu bayan haka, a 1903, Sakkwato da Gwandu suka shiga hannunsu. Ita kuwa Gashaka ta faɗa cikin Kamaru ta Jamus. Mutanen da suka yi kusan shekara ɗari suna kallon alƙibla ɗaya ta siyasa suka wayi gari a ƙarƙashin Turawa biyu.

Jamusawa sun gina ganuwar dutse a kan wani tudu da ke leƙen ƙauyen Gashaka, don tsare hanyar da ke haurawa kudu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sojojin Ingila, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne da ake ba umarni da Hausa, suka shiga Kamaru. Garwa ta faɗi a watan Yuni na 1915, dutsen Banyo a watan Nuwamba, sannan Mora ta miƙa wuya a Fabrairun 1916. Kangon ganuwar Gashaka yana nan har gobe, da kaburbura a kusa da shi. Hawan ba shi da wuya, kuma daga sama mutum yana ganin kwarin gaba ɗaya, ya gane dalilin da ya sa aka zaɓi wurin.

Ƙuri'ar da ta kawo dutsen Najeriya

Bayan yaƙi aka danƙa wa Ingila wani siririn yanki na Kamaru ta riƙe amana, da farko a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashe, daga 1946 kuma a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Gashaka da Mambila suna cikin wannan yanki, ana mulkinsu daga Yola. Da 'yanci ya gabato sai aka tambayi mutanen inda suke so. A ƙuri'ar Nuwamba ta 1959 mafi yawansu suka ce a ɗage maganar tukuna, amsar da ta girgiza gwamnatin Kaduna, don ta nuna mutane sun gaji da yadda ake mulkinsu daga nesa. Sardauna Ahmadu Bello ya yi musu alkawarin lardi nasu na kansu. A ƙuri'a ta biyu, a Fabrairun 1961, wadda mata ma suka jefa, mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya shigo, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Ƙaramar hukumar da ke Gembu tana riƙe da sunan har yanzu.

Da ƙuri'ar ta juya, da yau dutse mafi tsawo a Najeriya wani ne daban, da shayin Mambila kuwa sai an biya masa kuɗin fito.

Daga hurumi zuwa gandun ƙasa

A 1972, zamanin Jihar Arewa maso Gabas, aka keɓe dazukan Gashaka da Gumti da Serti a matsayin hurumin namun daji. Dalilin ba dabbobi kaɗai ba ne. Daga waɗannan duwatsu ne koguna irin su Kam da Gashaka suke tasowa su zuba a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Idan aka aske dajin da ke kansu, ruwan zai riƙa zuwa da ambaliya a damina ya ƙafe da rani, manomi da masunci na can ƙasa su ji a jikinsu.

Sai dai hurumin ya tarar da mutane a ciki. Makiyaya sun hau tudun Chappal Hendu da makamantansa tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, saboda can sama babu ƙudan tsando, ciyawa kuma ba ta yankewa. Maimakon a tashe su, sai aka shata musu wasu yankuna a cikin dajin, irin su Gumti da Filinga da Sabere, aka ce su zauna su yi noma da kiwo a nan. Wannan tsari ya wuce har cikin dokar 1991, kuma shi ne tushen alheri da rigimar gandun. Mutane suna ƙaruwa, shanu suna ƙaruwa, iyakar da aka shata kuwa tana nan yadda take. Ga mafarauta, ga masu haƙar ma'adinai, ga masu saran madobiya, wadda 'yan katako suke kira madrid, da aka yi ta lodinta zuwa Sin a shekarun baya har aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Ma'aikatan gandun sun rasa rayuka a wannan fama. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors take aiki tare da Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa wajen horar da masu gadi da sasantawa da al'ummomin wurin.

Abin da baƙo zai yi

Ana shiga ne ta Serti, a kan hanyar Jalingo zuwa Gembu, bayan an wuce Bali. A nan ofishin gandun yake, nan ake biyan kuɗin shiga a haɗa mutum da jagora, kuma ba a shiga ba tare da shi ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da koguna suka janye. Daga Kebbi a ware kwana biyu a hanya, a kuma yi tambaya kan tsaro kafin a tashi, kada a yi tafiyar dare.

A Kogin Kam akwai gurbin da dorina ke taruwa, kada kuma suna shan hantsi a kan yashi. Masu fatsa suna zuwa neman tsage da giwan ruwa, irin kifin da muke alfahari da shi a Argungu, amma a nan sai da izini. A dajin Kwano, inda masana daga wata jami'a ta Landan ƙarƙashin Volker Sommer suka kafa sansanin bincike a 2000, akwai cimfanzi na wani jinsi da babu shi sai a Najeriya da Kamaru. An gan su suna gyara tsinke su zura cikin rami su lasa zuma ko su kwaso tururuwa. Ganinsu sai an yi sa'a, amma ana jin ihunsu, ana kuma ganin gadajen ganye da suke yi a kan itace. Bika da ɓauna da gwanki da mazo sun fi sauƙin gani, tsuntsaye kuwa iri ɗari-ɗari ne. Mai ƙarfin ƙafa ya nufi Gangirwal, tafiyar kwanaki da 'yan dako, da rigar sanyi mai kauri.

Abin da zai ci

A cikin dajin babu gidan abinci, guzuri ake yi daga kasuwar Serti: shinkafa, wake, manja, garin kwaki, busasshen kifi. A garin kuwa masu tuwo suna nan bakin tasha. Tuwon masara ne sarki a wannan yanki, da miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta ganye, sau da yawa da kifin kogi. Da yamma masu tsire da balangu sukan hura wuta, kuma naman shanun tudu yana da maiƙo. Matan Fulani suna kawo kindirmo da man shanu, zumar daji ma ana samunta. Mutumin da ya saba da furar gero zai tarar dambun masara ne ake yawan damawa da nono.

Wanda ya ƙara gaba ya hau hanyar da ke murɗawa zuwa Mambila zai tarar da wata duniya: fiya, ayaba, dankalin Turawa, da gonar shayi ta Kakara, inda ake yin shayin Highland. Kofin shayi mai zafi a Gembu da asuba, hazo ya rufe gari, ya isa ladan hawan.

Duk wanda ya je, ya sayi abincinsa a hannun mutanen wurin, ya biya jagora da 'yan dako haƙƙinsu ba tare da ƙwauro ba, kada kuma ya sayi naman daji ko da an yi masa araha. Makiyayin Filinga da mai tuwon Serti su ne za su yanke hukuncin ko dajin zai kai ga jikokinmu, kuma ba za su tsare shi ba sai sun ga yana ciyar da su fiye da yadda zarto da bindiga suke yi.