Yadda Tarbiyyar Faila Ta Shiga Kasuwannin Kano

Mu da muka tashi a zawiyoyin Tijjaniyya na Kano, dattawanmu sun kasa mana tarihin ɗariƙar nan gida biyu: kafin Faila da bayanta.

Tun zaman da Alhaji Umaru Futi ya yi a Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a shekarun 1830, ake karɓar wuridin Shehu Ahmadu Tijjani a ƙasar Hausa. Muridi zai riƙe lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ya zauna wazifa, ya halarci zikirin Juma'a bayan la'asar. Amma ma'arifa, wato sanin Allah na ɗanɗano, ana ganin rabon 'yan ƙalilan ne, masu halwa da yawan azumi.

Shehu Ibrahim Inyass ne ya buɗe wannan ƙofa. A 1929, a Kaulaha ta ƙasar Senegal, ya bayyana cewa a hannunsa failar da Shehu Tijjani ya yi bushara da ita ta ɓulɓulo. A 1937 suka haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji, Sarki ya gayyace shi Kano. Sai dai al'amarin bai kankama ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da almajiran Malam Muhammadu Salga suka miƙa wuya: Malam Tijjani Usman Zangon Barebari, Malam Atiku Sanka, Malam Sani Kafinga da Shehu Maihula. Gwanayen fiƙihu ne, kowa da zaurensa cike da ɗalibai, amma suka durƙusa gaban baƙo suna neman tarbiyya. Ganin haka ya sa talaka bai ƙara jin nauyin nema ba.

Tarbiyyar kuwa ga yadda take. Muƙaddami zai ba ka azkaru, akasari Salatul Fatihi da hailala, da adadi da lokaci. Sharaɗin shi ne ka ajiye zaɓinka, ka zama kamar gawa a hannun mai wanka. Kwanaki ko makonni yana bibiyar halinka da tambayoyi, har ka daina jingina wa kanka motsi ko iko. Wannan shi ne fana'i. Sabon abin shi ne ba a ce ka rufe shago ba. Tela da ɗan koli a Kasuwar Kurmi, da matar aure a cikin gida, duk sun shiga. Fatake suka kai abin Kumasi da Tamale, a Nijar kuma Kiyota ta zama cibiya a hannun Shehu Abubakar Hashim.

An sha gwagwarmaya. Ƙabalu da sadalu, wato kama hannu da sakin hannu a salla, sun raba sahu a masallatai. A 1972 Malam Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na sukar ɗariƙu, a 1978 aka kafa Izala a Jos. Shehu Ibrahim kansa ya rasu a Landan a 1975.

Amma a ganina jarrabawa mafi tsanani daga cikin gida ta taso. Da abu ya yaɗu, muƙaddamai suka yi yawa, wasu suka tsaya a fana'i suka ƙi ƙarasawa. Su ne ake kira 'yan haƙiƙa, masu sakin baki da sassauta salla da sunan sun isa. Manyan shehunanmu sun barranta da su, domin bayan fana'i akwai baƙa'i: bawa ya dawo hayyacinsa, ya riƙe shari'a fiye da da.

Shi ya sa idan yaro ya zo yana rawar jiki wai an yi masa buɗi, tsofaffin muƙaddamai ba sa tambayarsa abin da ya gani. Sukan tambayi maƙwabtansa ko yana fitowa sallar asuba, su tambayi abokan cinikinsa ko mudunsa na cika.