Asalin Sunan "Bijimi" Da A Ke Kiran Janar Alanbi

A ƙasarmu in maroƙi ya kira namiji bijimi, to, ya yabe shi ke nan, har ya kan sa ran a jefa masa riga. Saboda haka wanda ya ji cewa sojan Ingila suna kiran Janar Alanbi "Bul", watau Bijimi, sai ya zaci kirari ne da ya samo a bakin daga sa'ad da ya kori Turkawa daga Birnin Ƙudus. Mun bi sawun sunan, mun tarar ya girmi wannan yaƙi, waɗanda suka raɗa shi kuwa ba yabo suka nufa ba.

An haifi Alanbi a Ingila cikin 1861. Da fari aikin mulki ya nema a Indiya, ya ɗauki jarrabawa sau biyu bai ci ba, sa'an nan ya shiga makarantar hafsoshi. Cikin 1882 ya zama hafsan sojan doki, ya yi yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, ya komo da suna mai kyau.

Cikin 1910 aka naɗa shi babban mai duba sojan doki na Ingila. A nan sunan ya kama shi, ana zaman lafiya, a filin fareti. Alanbi ƙato ne, dogo, mai faɗin ƙirji, ga murya, ga saurin fushi. Abin da ya fi tsananta wa barade a kai shi ne maɗaurin hula, 'yar fatar nan da a ke sakowa ƙarƙashin haɓa. In ya hangi barde ɗaya ya ɗage tasa, sai ya tasam ma hafsansa da ruri a gaban kowa. Mu dai muna ganin yana da hujja, gama duk wanda ya taɓa sukuwa ran hawan salla ya san abin da ya sa a ke bi da rawani ta ƙarƙashin haɓa. Amma hujja dabam, yadda a ke faɗinta dabam. Hafsoshi suka dubi girman jikinsa da rurinsa, suka ce Bijimi, a bayan idonsa. Daga baya har in ya fita zagaye, sai masu waya su riga shi da 'yan haruffa, ma'anarsu "Bijimi ya tsinke," kowa ya gyara ɗamara.

Da Yaƙin Duniya ya tashi cikin 1914, shi ya kai sojan doki Faransa. Yaƙin ramuka ya hana doki amfani, aka ba shi babbar runduna ta dakaru cikin 1915. A yaƙin Aras, watan Afrilu 1917, ran farko ya yi nasara ƙwarai, daga nan abu ya cije, shi kuwa ya yi ta tura mutane gaba suna zuba, har waɗansu janarorin da ke ƙarƙashinsa suka kai kuka wurin Haig, babban sarkin yaƙi. Nan sunan ya yi muni, gama yanzu ana nufin sa wanda ya sunkuyar da kai ya tunkuyi bango. Watan Yuni aka ɗauke shi aka tura shi Masar, shi kansa ya ɗauki abin a kan an rage shi.

To, a can ne al'amari ya juya. Ya tarar da manyan hafsoshi suna gudanar da yaƙi daga wani otal a Alƙahira, ya tashe su ya kai su hamada kusa da daga. Sa'an nan Bijimin ya nuna yana da dabarar dila. Ya sa Turkawa suka zuba ido ga Gaza, ya bugi Biyarshiba ran 31 ga Oktoba 1917, inda baraden Ostareliya suka yi sukuwa suka kame rijiyoyin garin. Cikin Satumba 1918 ya jera dubban dawakin ƙarya na itace da zane a kwarin Urdun, alhali baradensa na gaskiya suna ɓoye a bakin teku. Ran 19 ga wata suka keta, kafin mako biyu sun isa Dimashƙa. Sojan da suka ga wannan ba su canja masa suna ba, sai dai sun koma faɗinsa da alfahari.

Akwai wani suna kuma da littattafan Turawa su ke son ambata. In aka rubuta Alanbi da baƙaƙen Larabci, lam ɗaya ne ya raba shi da kalmar Annabi, almajiri ma ya iya gwadawa a allo. Suka haɗa wannan da wata magana wai ta mutanen dā, cewa ba za a fid da Turkawa ba sai ruwan Nilu ya iso Falasɗinu, ga shi kuwa Ingilishi sun jawo ruwan Nilu cikin bututu ta hamadar Sina'i. Ba mu ba wannan nauyi ba. Zance ne da ya yi wa masu nasara daɗi, Musulmi kuwa ba ya ara wa kowa wannan suna don lam ɗaya. Abin da ya tabbata shi ne, ran 11 ga Disamba 1917 ya shiga Birnin Ƙudus da ƙafa ta Ƙofar Yafa, kusa da inda Sarkin Jamus ya shiga bisa doki cikin 1898, ya kuma sa sojan Indiya Musulmi su tsare Masallaci.

Ɗansa guda ɗaya tak an kashe shi a yaƙin Turai cikin Yuli 1917, bayan uban ya sauka Masar da 'yan makonni. Wasiƙun da ya ke aika wa matarsa cike su ke da labarin tsuntsaye da furanni, sa'ad da ya ke wakilin Ingila a Masar kuwa, daga 1919 zuwa 1925, har borin tunke ya ke kiwo a gidansa. Ya rasu a London cikin 1936.