Lissafin dare: giya, tuba da rufin asiri a ƙasar Rano

Giya ta riga Musulunci zama a ƙasar Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen Dala na zamanin Barbushe tare da sana'o'insu, kuma a cikinsu akwai wani Bugazau, mai dafa giya. A kudu, wajen Rano da Kibiya, inda ƙauyukan Maguzawa suka daɗe a gindin duwatsu, sana'ar ba ta mutu ba ko bayan jihadin ƙarni na 19. Mata ke jiƙa dawa har ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa, su bar ta ta yi tsami. Da burkutun ake sallamar 'yan gayya, da ita ake biki. Musulmin da ke sha kuwa, duhu yake bi ya je ya dawo.

A shekarar 2000 Kano ta ƙaddamar da Shari'a, a 2003 aka kafa Hukumar Hisbah da doka, a Nuwamban 2013 kuma aka murƙushe kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a. Irin labarin da mu 'yan jarida muke so ke nan, domin yana da hoto, yana da adadi. Wanda ba ya shiga kyamara shi ne mutumin da jikinsa ya riga ya saba. Idan ya daina kwatsam, hannu ya kama rawa, barci ya ƙaurace, wani har jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda kan iya kisa in ba a kai shi asibiti ba. Wannan na kwanaki ne. Aikin da ke biyo baya shi ne na shekaru.

Wasu mashaya biyu a Amurka sun gane haka a jikinsu. A 1935, a garin Akron na jihar Ohio, Bill Wilson, dillalin hannun jari, ya haɗu da Bob Smith, likitan tiyata, daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali. Littafinsu na 1939 ya jera matakai 12, na goma kuma ya ɗora wa mai murmurewa aikin kullum: ya riƙa bincikar kansa, in ya yi kuskure ya amsa nan take. Hujjarsu ita ce komawa ga kwalba tana farawa tun kafin a kai hannu, daga ƙullatar wani, ko tsoro, ko wata 'yar ƙarya da aka bari ta kwana. Wilson ya kwatanta binciken kai da ɗan kasuwa mai ƙidayar hajarsa.

Almajirin zaure a Rano ba zai ji wannan misali baƙo ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware kashi guda a Ihya'u Ulumiddin kan muraƙaba da muhasaba, ya gina shi a kan ciniki: da safe ka gindaya wa zuciya sharaɗi kamar abokin kasuwanci, da rana ka sa mata ido, da dare ku zauna lissafi. Farillai ne jari, nafiloli riba, saɓo asara. Kafin shi, Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, daga wannan ɗabi'a ya samo laƙabinsa. Ko Ahalari, ɗaya daga cikin littattafan farko na mai karatun fiƙihu a ƙasar Hausa, tun a shafukan farko ya kawo sharuɗɗan tuba, ya hana jinkirta ta.

Inda hanyoyin suka rabu shi ne wajen kunnen da zai ji. Mataki na biyar na mutanen Akron ya ce a faɗa wa wani mutum laifukan da baki, a taronsu kuma ana ɓoye cikakken suna. A Kano, iƙirarin shan giya a gaban alƙali yana tabbatar da haddi, bulala 80 a mazhabar Malikiyya. A ganina bulalar ma ba ta kai tsegumi nauyi ba. Magidanci a Kibiya, garin da kowa ya san kakan kowa, ya san abin da kalma guda za ta yi wa auren 'yarsa da bashin da yake ci a kasuwa. Addini kuma ya kwaɗaitar da mai laifi ya rufa wa kansa asiri, wanda rahama ce, sai dai ga mashayi ta kan zama ɗakin da yake zaune shi kaɗai da lissafinsa, shi ne mai bashi, shi ne mai shaida.

Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya. Da wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ya ci gaba da zama cikin jama'a, sun san rauninsa.

Mu kuwa, iyalai da yawa gidan mari suka riƙa kai nasu, har zuwa Satumban 2019 da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, amma daga Rano sai an ratsa birnin Kano kafin a kai, kuma sunan wurin kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa hawa mota.